Ɗauke Wuta Ba Kashe Wuta Ba Ne: Jan Hankali Ga Masu Canza Makunni Da Soket A Gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu yi magana a kan wani ɗan aiki da kusan kowane magidanci yake ganin bai kai a kira mai gyara ba, wato canza makunnin fitila da ya lalace ko soket da ya ƙone. Mu masu aikin wayarin ne da masu koyar da shi. Ba mu zo mu ce kada kowa ya taɓa sukudireba ba, don ko mun faɗa ba za a ji ba, kuma aikin ba shi da wuya ga wanda ya bi ƙa'ida. Ƙa'idar ce dai ba a bi.

Kuskuren da ya fi kowanne kisa shi ne maigida ya ga an ɗauke wuta, ya ce ga dama ta samu, bari in gyara soket ɗin nan kafin a kawo. Ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne. Wanda ya ɗauke ta yana can tasha, bai san hannunka yana cikin bango ba, kuma ba zai yi maka sallama kafin ya dawo da ita ba. Ban da haka, gidajen yanzu ba ta ƙofa ɗaya wuta ke shigar su ba. Akwai ta Nepa, akwai janareta, akwai inbata da batir, akwai sola. Inbata aikinta ke nan ta karɓi gida nan take da zarar wutar waje ta yanke, saboda haka wanda ya kashe layin Nepa kaɗai bai kashe komai ba, inbata ya miƙa wa aikin. A gidan haya kuwa, maƙwabci na iya tayar da janareta ya ja canjoba ba tare da ya san abin da kake yi a ɗakinka ba.

Saboda haka kashe wuta yana da matakai. A mayar da canjoba tsakiya, inda ba ta haɗa Nepa ba ta haɗa janareta. A kashe inbata daga jikinta, a kuma kashe birekar da wutarta ke fita ta ciki, wato makunnin da ke faɗuwa da kansa idan wuta ta yi yawa. Sannan a je akwatin rarraba wutar gida, wanda masu sana'a ke kira di-bi, a kashe babban makunni, ba ƙaramar birekar ɗakin kaɗai ba. Ƙaramar bireka waya ɗaya take yankewa, wadda ake zaton ita ce mai wuta. Idan tun daga mita aka juya wayoyin, abin da kan faru bayan an yi gyara a kan turke ko an canza layi, to birekar za ta yanke wayar da ba ta da wuta ne, mai wutar kuma tana nan a raye har cikin soket. Babban makunni mai yanke waya biyu ne ke kawar da wannan haɗari. Idan tsohon gida ne mai fis na tangaran, a zare fis ɗin a sa a aljihu. Idan bireka ce, a liƙe ta da salatif, a manna takarda, a kuma gaya wa uwargida da yara da baki cewa kada a taɓa. Mita da hatiminta kuwa na kamfani ne, ba ruwan maigida da su.

Wasu za su ce wannan ai tsawaita zance ne a kan wutar gida. Wutar gida bolt 230 ce. Jikin mutum yakan fara jin ta tun daga miliamfiya 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Idan ta kai wajen 10 zuwa 15, naman hannu yakan ƙanƙame har mutum ya kasa sakin wayar, shi ne ake cewa wuta ta riƙe shi. Daga 50 zuwa sama tana iya rikita bugun zuciya. Wanda ya idar da alwala, hannu da ƙafa a jiƙe, ya tsaya ba takalmi a kan siminti, abin da zai ratsa jikinsa zai iya kai 200. Wannan bai ma kai abin da tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yake ja ba, don haka bireka mai amfiya 20 ko motsi ba za ta yi ba. An sa ta ne ta kare waya daga ƙonewa, ba ta kare mutum ba. Mai kare mutum ita ce na'urar da ake rubuta wa RCD ko RCCB a jiki, wasu 'yan kasuwa na ce mata ELCB, kuma sai wadda aka rubuta wa 30mA, wato miliamfiya 30. Mai 100mA ko 300mA gobara take tarewa. Tana da maɓallin gwaji a fuskarta, a riƙa danna shi bayan 'yan watanni, idan ba ta faɗi ba ta mutu.

Bayan an kashe, sai gwaji, kuma a nan ne muke da ja da tasta, wannan ɗan sukudireba mai fitila a ciki da kowa ya dogara da shi. Tasta ta jikin mai riƙe da shi wuta take bi ta sauka ƙasa kafin ya haska. Idan kana tsaye a kan busasshen benci ko ka sa takalmin roba mai kauri, haskensa yakan dushe, a tsakar gida da rana tsaka kuma ba ma za ka gan shi ba. Idan ƙaramin janareta ne ke aiki, sau da yawa yakan haska a wayoyi biyun duka ya rikita mutum. Abin da ya fi shi ne mitar gwaji mai tsinke biyu, a saita ta a ma'aunin wutar gida sama da bolt 230. A fara gwada ta a wani soket tun kafin a kashe wuta, don a tabbata tana aiki. Bayan an kashe, a gwada tsakanin mai wuta da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, tsakanin mai wuta da wayar ƙasa, da tsakanin nutural da wayar ƙasa. Duk ukun su nuna sifili. Idan akwai wani wuri mai wuta a kusa, kamar bakin janareta, a sake gwada mitar a can, don kada a ce lalacewa ta yi a tsakani. Mutuwar fitila ba shaida ba ce, ƙwan ne ma zai iya ƙonewa.

To an kwance notina biyu na fuska, an jawo murfin a hankali. Kafin a saki ko waya ɗaya, a ɗauki hoto da wayar salula. A yawancin gidajenmu ja ce mai wuta, baƙa ce nutural, koriya ko koriya mai ratsin rawaya ce wayar ƙasa, wadda ake kira atin. Wannan tsohon tsarin Ingila ne da muka gada. Su can sun canza tun 2004, daga 2006 kuma sabon ya zama dole, mai ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ce nutural. Yanzu duka biyun suna kasuwa, har a bango ɗaya akan same su. Haɗarin shi ne a gida mai layi uku, shuɗiya a tsohon tsari mai wuta ce, baƙa kuma a sabon tsari mai wuta ce. Ga kuma mai wayarin da ja ta ƙare masa ya ƙarasa aiki da abin da ya rage a nadi. Launi dai alama ce, gwaji ne hujja.

Makunnin fitila ba shi da wahala. Mai hanya ɗaya ramuka biyu gare shi, COM da L1. Wayar da ta kawo wuta ta shiga COM, wadda za ta tafi ƙwai ta shiga L1. Wannan ta biyun ko da baƙa ce, wuta take ɗauka idan an kunna, don haka a naɗa mata jan salatif saboda wanda zai buɗe nan gaba. Makunni mai hanya biyu, irin na matakalar bene ko dogon soro inda ake kunnawa a nan a kashe a can, yana da COM da L1 da L2. A yi wa wayar COM alama kafin a cire ta, domin idan ta ɓace cikin sauran, fitilar za ta riƙa aiki ne kawai idan ɗaya makunnin yana wani matsayi. Babbar ƙa'ida ita ce makunni wayar wuta yake yankewa, ba nutural ba. Idan aka sa shi a kan nutural, fitila za ta mutu kamar komai lafiya, amma mazaunin ƙwan yana da wuta dare da rana, sai ranar da yaro ya hau kujera zai canza ƙwai. Ƙwan zamani da ke ci gaba da ɗan haske ko ƙiftawa bayan an kashe shi yakan zama alamar hakan, a bincika. Makunnin fitila amfiya 10 yake ɗauka, tsofaffi ma 5 ko 6. Kada a ɗora masa hitar wanka ko na'urar sanyaya ɗaki, su nasu mai amfiya 20 ne da ke yanke waya biyu. Kuma mai rage hasken fitila ba mai rage gudun fanka ba ne, ko da sun yi kama a fuska.

Soket ɗinmu mai ramuka uku masu kusurwa, wanda ake rubuta wa BS 1363, a Ingila aka fito da shi a 1947. Idan kana kallon fuskarsa, ramin sama na wayar ƙasa ne, na dama mai wuta, na hagu nutural. Amma a bayansa kowane kamfani da inda yake sa notinansa. Kada a kwaikwayi matsayin tsohon, a karanta harafin da ke jikin sabon, L mai wuta, N nutural, E ko alamar layuka uku wayar ƙasa. Idan aka juya L da N, talabijin da firji za su yi aiki kamar babu komai, shi ya sa kuskuren ke shekaru ba a gane ba. Amma makunnin soket ɗin da fis ɗin cikin fulogi duk sun koma kan nutural, kayan yana kashe amma cikinsa cike da wuta. Idan an sami waya biyu ko uku a kowane rami, duka za a mayar. Wani gidan tsarin zobe aka yi masa, waya ta fita daga di-bi ta zaga ɗakuna ta dawo, a ƙarƙashin bireka mai amfiya 32. Idan ɗaya ta zame, soket ba zai daina aiki ba, sai dai nauyin da waya biyu suke rabawa ya koma kan guda.

Yanzu ga tambayar da ba a cika yi ba: me ya ƙone tsohon? Wanda ya canza soket bai amsa ta ba, wata uku zai sake sayen wani, in an yi sa'a ke nan. Mafi yawan lokaci noti ne bai ɗauru ba, ko bakin soket ɗin ya saki ba ya kama ƙafar fulogi. Inda waya ba ta kamu sosai ba, wuta da ƙyar take wucewa, wurin sai ya yi zafi. Zafin kuma ba daidai da nauyin yake ƙaruwa ba, idan nauyi ya ninka biyu zafi ninki huɗu yake yi. Ɗan sako-sako na kashi ɗaya cikin goma na om, wato ma'aunin toshewar hanyar wuta, idan amfiya 13 na bi ta ciki, yana fitar da zafin kusan wat 17 a wurin da bai wuce ƙwayar masara ba. Zafin ya sa jan ƙarfe ya yi baƙi, baƙin ya ƙara toshe hanya, zafin ya ƙaru, har roba ta narke. Duk wannan bireka ba za ta faɗi ba, domin a wajenta nauyin bai wuce kima ba. Alamunsa su ne fuskar soket ta yi ɗumi ko ta yi ruwan ƙasa a gefen rami ɗaya, a ji ɗan ƙara kamar ana suya, fitila ta riƙa rawa idan an taɓa makunni, ko a ji wani ƙarni kamar na kifi a ɗakin da ba a dafa kifi ba. Wannan ƙarnin robar soket ce take dahuwa.

Maganinsa a hannu yake. A yanke duk inda waya ta yi baƙi ko robarta ta bushe tana farfashewa, har sai an kai jan ƙarfe mai sheƙi. A fere robar kimanin santimita ɗaya ba tare da wuƙa ta ci jikin ƙarfen ba, domin inda aka yi wa tsaga nan yake karyewa. Idan siririya ce guda ɗaya a rami mai faɗi, a fere ninki biyu a lanƙwasa bakin, noti ya sami abin kamawa. Idan mai silili da yawa ce, a murɗe su wuri ɗaya, kada a yanke wasu don ta shiga. Noti ya danne ƙarfe, ba roba ba, kuma kada a bar tsiraicin waya a waje. A ɗaure tamau amma ba har a datse ta ba, sannan a ja kowace waya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta motsa ba ta ɗauru ba. Idan wayar ta gajarce bayan yanka, a ƙara ta da mahaɗi mai noti daidai kaurinta a cikin akwatin, ba murɗawa a naɗe da salatif ba, domin zafinmu na bazara salatif ba ya daɗewa yake saki. Wajen mayar da murfi a lanƙwasa wayoyin su kwanta, a kauce da su daga hanyar notinan fuska. Soket yana son akwati mai zurfin milimita 25, mai ramin cajin waya kuma 35. Idan murfi ya ƙi zama, kada a danna shi da ƙarfi.

Dalili na biyu shi ne lodi. Amfiya 13 a kan bolt 230 kusan wat 3,000 ne. Butar lantarki mai wat 2,000 da dutsen guga mai 1,200 a kan jona ɗaya sun riga sun wuce. Soket mai baki biyu kuma ba amfiya 26 yake ɗauka ba. Da sanyin hunturu, lokacin da kowane ɗaki ke jona hita a bokiti, abin ya fi ƙamari. Waya mai lambar kauri 1.5 ta fitila ce, da bireka mai amfiya 6 ko 10. Soket waya mai 2.5 yake so, da bireka mai amfiya 20 idan layi ɗaya ne miƙaƙƙe. Kukar girki da manyan kaya sai waya mai 4 ko 6 a layinsu na kansu. Wanda ya buɗe soket ya tarar da 1.5 a bayansa, ko ya ga daga makunnin fitila aka jawo shi, canza fuska ba zai yi masa magani ba. Haka wanda ya gaji da faɗuwar bireka ya sa babba, ko ya ɗaura waya mai kauri a madadin fis, wayar cikin bango ya mayar fis. Soket mai amfiya 15 mai zagayayyun ramuka, wanda ake sa wa na'urar sanyaya ɗaki, fuloginsa ba shi da fis, bireka kaɗai ke tsaron sa.

Wajen saye kuwa, araha ba ta ado. A juya soket a duba bayansa. Ƙarafansa su zama tagulla mai kauri, idan maganaɗisu ya kama su to baƙin ƙarfe ne aka rina. A duba ƙyauren da ke rufe ramuka biyu na ƙasa, wanda ba ya buɗewa sai doguwar ƙafar fulogi ta shiga ramin sama. Don yaro mai rarrafe da ƙusa a hannu aka yi shi, kuma shi ne muke karyawa da makulli ko murfin biro don mu cusa caja mai ƙafa biyu. Na cusa tsirarar waya a tokare da ashana ba ma sai mun yi magana ba. Soket mai karɓar kowane irin fulogi ma ba mu yaba shi ba, domin ramin da ya dace da kowa ba ya kama kowa da kyau. Idan har da waya za a saya, a kankare bakinta da wuƙa, idan fari ya bayyana a ciki alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, tana zafi da wuri kuma tana saki a ƙarƙashin noti. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke sayen kaya a Kano su lura cewa tsarinsu na Faransa ne, zagayayyun ramuka, amfiya 16, fulogi ba fis, akwatin bangon ma ba iri ɗaya ba ne.

Wayar ƙasa ita ce marainiyar wayarin a ƙasar nan. Idan waya ta goge a cikin firji ko dutsen guga ta taɓa jikin ƙarfen, ita ce ke kwashe wutar ta sa a yanke ta kafin mutum ya taɓa. Gidaje da yawa ba su da ita, wasu kuma koriyar tana cikin soket amma ba ta kai ko'ina ba, ko sandar ƙarfen da ake haɗa ta da ita, wadda aka binne da gawayi da gishiri, ta daɗe da cinyewa. Inda babu ita, kada a sa makunni ko soket mai fuskar ƙarfe komai kyansa, a sa na roba, a kuma nemi a jawo ta. Inda akwatin bango na ƙarfe ne, a haɗa shi da ramin E da 'yar guntuwar koriyar waya. Kuma kada a yarda da dabarar haɗa N da E a bayan soket. Ranar da nutural ta tsinke a waje, jikin duk wani kayan ƙarfe da ke jone zai ɗauki wuta. Banɗaki ba wurin soket ba ne, makunnin hita a waje ake sa shi, na tsakar gida kuma sai mai murfin da ruwan sama ba ya shiga.

Akwai inda ya kamata maigida ya ajiye sukudireba. Idan ya kashe komai mita ta ci gaba da nuna wuta, ko ƙunar ta bi waya ta shige cikin bututu, ko bangon yana jiƙe, ko famfo da ƙofar ƙarfe suna ɗan ja, ko wayoyin sun fi abin da ya gane, wannan aikin mai takarda ne. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu aikin wayarin shaidar ƙwarewa a Nijeriya, kuma ba rashin kunya ba ne a ce wa mai gyara ya nuna tasa. Idan kuma tsautsayi ya faɗa wa wani, kada a kama shi da hannu. A kashe wuta, ko a ture shi da busasshen itace. Idan ba ya numfashi a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya kira 112 ko ya nemo mota. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko ruwa, shaƙe shi za a yi. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti a duba zuciyarsa. Soket da ya kama da wuta kuwa ba a watsa masa ruwa sai an yanke lantarki, yashi ya fi.

Bayan an rufe murfi an mayar da wuta, a sa mita a gwada. Tsakanin ramin dama da na hagu a ga kusan 230, ko abin da layin unguwa ya kawo a ranar, tsakanin dama da sama kusan haka, tsakanin hagu da sama kusan sifili. Idan na hagu ne ya nuna wuta, an juya wayoyin, a koma a kashe. Idan komai ya yi daidai, a jona dutsen guga ko buta na minti goma sha biyar, a kashe, a zare fulogin, a taɓa fuskar soket ɗin da bayan hannu. Ɗan ɗumi a ƙafar fulogi ba laifi ba ne. Idan fuskar ta yi zafin da hannu ba zai zauna a kai ba, akwai notin da bai ɗauru ba.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin wayarin da malaman koyar da sana'ar lantarki, Kano.